Amsar tambayar Kawu kan tarar da anka ci Google

Ga muryar da Yaya ya turo jiya bayan isha'i, na rubuta ta don waɗanda netwok bai bari sun saurara ba. Kawu ne ya tambaya, wai ya ji a rediyo an ci Google tara a Turai don shina sa kayanshi gaba in an yi bincike, to mi ne laifin wanda ya jera hajarshi bakin rumfarshi, kuma ba kyauta muke amfani da abin ba?

Salamu alaikum jama'ar gida. Kawu barka da dare, ya ƙafar, Allah ƙara sauƙi. Na ga tambayarka tun la'asar, ina bisa hanyar Argungu ne shi yas sa ban amsa ba. Wallahi Kawu ta wani gefe ka yi gaskiya, don lauyoyin Google ma kusan abin da sunka riƙa faɗi ke nan, wai su gyara shafinsu sunka yi don mai nema ya samu abin da yake so da sauri. Amma ni inda na rabu da kai, wagga aba ba rumfa ba ce, tasha ce.

Ka ɗauka ka sauka Jega da jakarka, baƙo kake, kana son motar Yawuri. Wa za ka tambaya? Ɗan kamasho mana, shi ya san wace mota ke kan layi, wace ta kusa cika. To a ce wanga ɗan kamasho ya tara kuɗi ya sayi motoci uku nashi na kanshi, duk fasinjan da ya shigo sai ya karɓe mai jaka ya kai shi motarshi, ko layinta ne ko ba layinta ba, sauran direbobi kuma yac ce su koma can bayan gidan mai inda ba mai ganinsu, kuma garin gaba ɗaya ba wata tasha sai wagga. Fasinja bai san an yi mai wayo ba, shi dai ya tambaya an nuna mai. Ba wanda yac ce kar ɗan kamasho ya sayi mota hwa, amma motarshi ta bi layi kamar ta kowa.

To Google haka yake, cikin bincike ɗari da ake yi a intanet kusan casa'in ta hannunshi suke bi. A Turai akwai ƙananan shafuka da aikinsu ke nan gwada farashi, ka rubuta firiji ko injin ban ruwa su jero maka shago kaza nawa, shago kaza nawa, ka zaɓi mai sauƙi. Google ma ya buɗe irin nashi, Froogle sunanshi da farko, bai karɓu ba, har an samu wata takardarsu ta cikin gida ta 2006 da su da kansu sunka ce abin ba ya aiki. Daga 2008 sai sunka sake dabara, nasu ya hau can sama da hoto da farashi, na sauran kuma anka sa musu wani ma'auni mai tura su ƙasa, ma'aunin da ba a auna nasu da shi. Hukumar Tarayyar Turai da ta bincika ta ce wanda ya fi ƙarfi cikin abokan takarar ma, in an ƙiyasta, sai shafi na huɗu ake ganinshi. Kawu don Allah tunda ka fara riƙe waya ka taɓa zuwa shafi na biyu? Ni ban taɓa ba sai in na rasa abin yi. Su ma sun lissafa, kusan kashi 95 na dannawar mutane shafin farko take ƙarewa.

Yanzu ga abin da ke ci mini rai cikin labarin. Wani ƙaramin kamfani na Ingila, Foundem, mata da miji ne sunka kafa shi, su sunka kai ƙara tun 2009. An buɗe bincike 2010. Ba a yanke ba sai Yuni 2017, lokacin wata mata ƴar Denmark, Margrethe Vestager, ke riƙe da ofishin kula da gasar kasuwa na hukumar, tac ci Google tarar yuro biliyan 2.42. Google ya ɗaukaka ƙara, anka kayar da shi 2021, ya sake ɗaukakawa, babbar kotun Turai ta rufe magana Satumba 2024. Shekara 15 Kawu. Yaron da anka raɗa wa suna shekarar da anka kai ƙara ya shiga babbar sakandare kafin a gama. Kai da ka yi harkar albasa a Aliero ka san abin da nake nufi, in anka tare maka mota a hanya wata biyu sannan alƙali yac ce kai ke da gaskiya, to gaskiyar ka samu, albasar kam ta ruɓe. Kuma tarar da kake jin ta da yawa, uwar kamfanin Google a 2017 ɗin ta yi cinikin sama da dala biliyan 110, ka raba da kwanakin shekara ka gani, ba ta kai cinikin kwana goma ba.

Batun kyauta kuma, ai ɗan kamasho ma ba fasinja ke biyanshi a hannu ba, direba ke ba shi, direba kuma ina ya samo? Cikin kuɗin motarka. Mai shagon da anka tura shafi na huɗu dole ya sayi talla kafin a gan shi, kuɗin tallar kuma kan kaya za ya ɗora.

Amurka su da farko sun duba wanga zargi na fifita kai sunka rufe fayil 2013 ba hukunci. Sai 2020 gwamnatinsu ta shigo ta wata ƙofa, tac ce to ya anka yi kowace waya in ka buɗe Google ne ke zaune ciki tun daga kwali? A kotu anka gano a 2021 kawai sun biya dala biliyan 26.3 ga masu waya da masu burauza don a sa su su zama na farko, Apple shi kaɗai ya karɓi biliyan 20 a 2022. Alƙalin, Amit Mehta, Agusta 2024 yac ce lallai sun kankane kasuwa ba bisa doka ba, amma da anka zo hukunci 2025 bai tilasta musu saida Chrome, burauzarsu ta buɗe shafukan intanet, ba kamar yadda gwamnati ta nema. Ni dai na ga kamar an daki taiki ne an bar jakin.

Turawan Turai da sunka ga shari'a na cin shekaru sai sunka yi sabuwar doka ta kasuwannin intanet, daga Maris 2024 ta hau kan manyan, an rubuta tun gaba cewa mai tsaron ƙofa, wato babban kamfani irin Google da kowa ke bi ta hannunshi, ba ya fifita nashi, in ya yi ana iya cin shi har kashi 10 na cinikinshi na duniya. Kuma kar in ɓoye maka, ba kowa ya ji daɗi ba, akwai waɗanda sunka yi ƙorafi don da in ka nemi wuri kana danna taswira ta kai ka Google Maps kai tsaye, anka cire wannan a can. To ka ga motar ɗan kamashon ma wani lokaci ita ta fi lafiya, shi ya sa maganar ke da wuya. Malam na cikin guruf ya gyara mini in na yi kuskure, amma ko a addini an hana a tare ayari kafin ya shigo kasuwa ya ga farashi da idonshi.

Mu nan Najeriya muna da hukumar kula da gasar kasuwa da kare masu saye, FCCPC, dokarta ta 2018 ce, ita ta ci Meta masu WhatsApp ɗin nan da muke magana ciki tarar dala miliyan 220 a Yuli 2024, duk da wancan ya fi shafar yadda suke sarrafa bayanan mutane. Ranar da ɗiyanmu za su buɗe shafin gwada farashin shinkafa ko taki daga Kamba zuwa Gusau, ita za su kai wa kuka in anka tura su bayan gidan mai.

Kawu ɗauko Tecno ɗinka ka dubi wancan dogon akwatin da ke saman allo inda kake rubutu, ka tuna ranar da wani ya tambaye ka wane kake so kafin a sa shi? Ana canzawa hwa, cikin saitin yake, in ka shigo Birnin Kebbi ranar sunan nan ka zo da ita in nuna maka. A gaida Inna.