Sitan Mai Ƙafa Uku: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Biya

Sani, ka ce, "Oga, wane sitan kyamara zan saya wanda ba zai ƙarar min da aljihu ba, kuma ba zai sauke min kafaɗa ba in na hau Dutsen Shere?" To, ka tafi kasuwar Taminus ta Jos da kyamararka a hannu. A kanta za ka gwada shi, ba a kan rubutun kwali ba.

Fara da nauyi. Ƙaramar kyamara irin Canon 2000D da madubinta (lens) na asali ba su kai kilo 1 ba, don haka ka nemi sitan da aka ce yana ɗaukar kilo 3 zuwa 4, saboda masu arha sukan cika baki. Shi kansa sitan ɗin ya kasance kilo 1 zuwa 1.5. Wanda bai kai haka ba, iskar hunturun Jos za ta yi ta kaɗa shi kamar karan dawa. Na alminiyom ya ishe ka. Na kabon faiba ya fi sauƙin ɗauka, amma kuɗinsa ba na mai koyo ba ne.

Ƙafafun su ne aikin. Mai gaɓa 3 ko 4 za ka ɗauka. Mai gaɓa 5 yana naɗewa ya shige jaka, amma gaɓar ƙasa ba ta fi kaurin biro ba, kuma daga nan rawa take farawa. Ka buɗe su gaba ɗaya ba tare da ka ɗaga sandar tsakiya ba, ya kai maka ƙirji ko haɓa. Tsawon da ke jikin kwali har da sandar aka haɗa, ita kuwa da zarar ka zaro ta, ka mayar da ƙafa uku ƙafa ɗaya. Sannan ka dafa saman ka danna, ka ɗan murɗa hagu da dama. In wata gaɓa ta zame ko ka ji ƙwas-ƙwas, ajiye shi. A ƙurar nan tamu na fi son makullin gaɓa na ɓallawa, musamman mai noti da za ka iya ƙara wa ƙarfi. Na murɗawa, yashi yana shiga zarensa ya cinye shi.

Sai kan sitan, inda kyamara ke zama. Mai ƙwallo ya fi sauri wajen hoto, mai hannu ya fi dacewa da bidiyo. Ɗora kyamarar, ka auna wani rubutu a bango, ka ɗaure, ka saki hannu. In madubin ya sunkuya ko da kaɗan ne, haka zai yi ta yi maka. Sukurun kyamara kwata ɗin inci ne a ko'ina, wannan ba damuwa. Farantin da ake ɗaurawa a gindin kyamara ne matsala: ka nemi na ƙarfe samfurin Arca-Swiss, don na roba in ya ɓata da wuya ka samu irinsa, sitan ya zama kwalliyar ɗaki.

Ka leƙa ƙarƙashin sandar tsakiya ka ga ko akwai ƙugiya. A kan dutse, ka rataya jakarka a nan, ta ɗan taɓa ƙasa don kada iska ta riƙa lilo da ita. Ƙafa ɗaya ta fuskanci inda madubi ya nufa, ka sa wa kyamarar ƙidayar daƙiƙa 2, sannan ka ɗauke hannunka.