Amsa ga mai tambaya kan M57: kar ka sayar da kayanka tukuna

Wa alaikumus salam. Malam, da na karanta tambayarka sai da na yi dariya ni kaɗai, don kamar ni na rubuta ta. Ka ce ka ɗauki hoton M57, wato gajimaren iskar da wani tauraro mai mutuwa ya amayar, wanda ake kira Zobe saboda siffarsa, da gilashin kyamara mai milimita 200, abin da ya fito ɗan ɗigo ne kore-kore kamar tauraron da ya kumbura, har kana shirin sayar da kayanka ka sayi manya. Don Allah dakata.

Kayanka lafiya lau suke, Zoben ne ƙarami. Faɗinsa a sama bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na faɗin wata ba, to me kake so milimita 200 ta nuna maka? Wannan koren da ka raina kuwa shi ne abin da ake nema, hasken iskar oksijin ne da tauraron ya amayar yana mutuwa, ya yi tafiyar wajen shekara 2,500 kafin ya faɗo cikin kyamararka. Ka kama shi, ba ka sani ba ne.

Ni ma irin tunaninka ne ya kai ni ya baro. Na ce ai rashin mazauni mai inji da ke juya kyamara ta bi tafiyar taurari ne matsalata, na yi wata shida ina tari. Sai ga wani bawan Allah yana sayar da nasa, ya ce sau biyu kacal ya ɗora masa na'ura, har da rantsuwa, har da bidiyo injin yana juyawa. Na tura kuɗi, kaya suka iso ta tasha. Kun san halinmu a nan, lokacin da Vega, tauraro mai haske da ke kusa da Zoben, ke sama da daddare shi ne tsakiyar damina, sai da na yi sati uku ina leƙen gajimare. Ranar da aka sha ruwa da la'asar gari ya washe, na ɗauki babur na tafi gonar kawuna bayan Dambatta. Ban taɓa ganin sama irin ta daren nan ba. Tauraron arewa kuma, wanda da shi ake saita mazaunin, ga shi can ƙasa, digiri 12 kawai, wata ɗorawa ta tare shi, sau uku ina ciccibar kaya ina sake wuri. Hoto 120 na ɗauka, kowanne minti ɗaya, sauro ya yi walima da ƙafafuna. Bayan sallar asuba na buɗe kwamfuta, wallahi kowane tauraro ya zama tsutsa. Ko ɗaya bai tsira ba. Da na kwance injin sai na tarar haƙoran giyar injin sun cinye, an cusa giris an rufe. Na kira shi, ya ce wai ni ne ban iya saiti ba. Ni! Washegari lambarsa ta daina shiga. Na bar shi da Allah, amma har yau in na ga ɗorawa da dare sai raina ya sosu.

To ka ga, kar ka sayi mazauni sai ka gwada shi a ƙarƙashin taurari, mai shi yana tsaye.

Da abin da ke hannunka, ka bar Zoben ka koma M27, wani gajimaren irinsa. Shi ne irinsu na farko da masanin taurari Messier ya gano a 1764, shekara 15 kafin M57, kuma ya kai kwatan faɗin wata, zai fito maka da siffarsa. In ba ka da inji kar ka wuce daƙiƙa ɗaya zuwa biyu a kowane hoto, ka ɗauki ɗaruruwa, ka haɗa su su zama hoto ɗaya a manhajar Siril ko DeepSkyStacker, duk kyauta ne. Ka rufe murfi ka ɗauki hotunan duhu kamar talatin kafin kyamara ta huce, da su manhajar ke cire dattin da kyamara ke sa wa hoto, ni na daɗe ina ƙyuyar wannan. Saitin gani kuma a kan Vega za ka yi shi, ka manne abin murɗa saitin gilashin da salatif. Raɓa! Na manta, bayan ruwa tana rufe gilashi cikin rabin awa ba ka sani ba, ka riƙa haskawa kana dubawa.

Kuma in za ka fita gona ka fara gaya wa mai unguwa da 'yan sintiri. Mutum tsugune cikin duhu da dogon bututu, ka san abin da za a zata a zamanin nan.

Ni yanzu Oktoba nake jira, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba, bayan isha'i Vega na nan ta yamma maso arewa. Zoben yana tsakanin taurari biyu da ke kusa da Vega, Sheliak da Sulafat, in ka samu aron na'urar hangen nesa ka leƙa shi da ido, toka-toka za ka gan shi kamar hayaƙi, ido ba ya kama launinsa, kar wannan ma ya sa ka ce an cuce ka. Turo min hotunan naka yadda suka fito daga kyamara, in gwada haɗa su a nan mu gani.