Tambaya da Amsa: Yadda zanen katun ke tafiya alhali bai taɓa motsawa ba

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga cikin garin Jos suka fito, kuma duk a kan zane mai motsi ne. Mun zaɓi huɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Ya'yana sun tambaye ni yadda ake sa zanen katun ya yi tafiya, na ce musu kwamfuta ce ke motsa shi. Sai babbansu ya ce, to kafin a ƙera kwamfuta fa? Na rasa ta cewa. (Wani malamin firamare, Anguwar Rogo)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya yi wa yaron nan albarka, ya kama bakin zaren. Babu zanen da ke motsi, ko a takarda ko a kwamfuta. Ana jera hotuna ne tsayayyu, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa, a riƙa nuna su da sauri, ƙwaƙwalwa kuma ta cike gurbin da ke tsakani. Ka tuna fitilun ado da masu shagon waya ke jerawa a Terminus. Da dare za ka rantse haske ne ke gudu a jikin wayar, alhali kowane ƙwai yana inda aka ɗaure shi, wannan ya mutu, na kusa da shi ya kama.

An daɗe ana cewa hoto ne ke ɗan jimawa a cikin ido bayan an ɗauke shi. Wannan yana taimakawa wajen ɓoye duhun da ke tsakanin hoto da hoto, amma bai isa ya haifar da motsi ba, domin da shi kaɗai ne, da hotunan sun hau kan juna sun zama dishi-dishi. A 1912 wani masanin halayyar ɗan Adam, Max Wertheimer, ya yi gwaji a Jamus da layuka biyu da yake haskawa bi da bi. In ya bar tazara mai tsawo, mutane su ga layi biyu, ɗaya bayan ɗaya. In ya matse lokacin sosai, su gan su tare. Amma a tsakiya, wajen milisakan 60 (milisakan dubu ne sakan ɗaya), sai su ga layi ɗaya ya tashi daga nan ya koma can. Aikin ƙwaƙwalwa ne, Malam.

Ka gaya wa yaron cewa tun 1832 Joseph Plateau na ƙasar Beljiyam ya ƙera faifai mai zanuka a kewaye, ana juya shi gaban madubi ana leƙawa ta ƴan tsagu. A 1908 kuma Émile Cohl na Faransa ya fitar da Fantasmagorie da zanuka kusan 700, duk da hannu, fim ɗin bai kai minti biyu ba.

Ku gwada a aji. A yanka takardar A4 gida takwas, takarda shida za ta ba ku falle 48. A matse gefe ɗaya da kilif. A fara zane daga fallen ƙarshe, domin in an sauke na gaba a kansa ana hango inuwar na ƙasa. Ɗigo ɗaya ya isa, a riƙa gusar da shi kaɗan-kaɗan. A saki fallayen da babban yatsa, za su ga ɗigon yana tafiya.

Tambaya: Na sauke FlipaClip, manhajar zanen katun, a wayata. Na zana ƙwallo tana faɗowa da zane 12, amma tana saukowa kamar ana zura guga a rijiya. Zane nawa zan ƙara? (Wata ɗaliba, Bauchi Road)

Amsa: Ƙanwata, kada ki ƙara ko ɗaya. Matsalar tana wajen tazara, kuma a nan ne yawancin masu koyo ke tuntuɓe. Fim ɗin silima yana nuna hoto 24 a sakan ɗaya, talabijin ɗinmu na Najeriya 25. Kowane hoto daga cikinsu shi ake kira firam, masu zanen hannu kuma sukan bar kowane zane ya tsaya firam biyu, wato zane 12 a sakan, 720 ke nan a minti. Saboda haka 12 ɗinki sun wadatar, har sun yi yawa ga ƙwallon da ke faɗowa daga kan tebur.

Muna kyautata zaton kin raba nisan daidai wa daida. Abin da ke gusawa da awo ɗaya a kowane firam inji ne, ko gugan nan da kika ambata. Abin da aka saki daga sama kuwa yana ƙara sauri, kuma lissafinsa a bayyane yake tun zamanin Galileo: 1, 3, 5, 7, 9. Wato tsakanin zane na farko da na biyu ki bar santimita 1, sannan 3, sannan 5, sannan 7, sannan 9. Zane shida, santimita 25, ƙwallo ta kai ƙasa. A sama zanukan sun cunkushe, a ƙasa sun yi nesa da juna. In ta yi tsalle za ta koma, ki juya lissafin, amma kada ta kai inda ta fito.

A firam ɗin da ta taɓa ƙasa ki ɗan baje ta, firam ɗaya tak, wanda ya gabace shi kuma ki ɗan ja ta tsaye kamar ƙwai. Sai dai girmanta kada ya sauya: in kin rage tsayi, ki ƙara faɗi, in ba haka ba za ta zama kamar balan-balan mai sacewa. Ƙwallon roba ke bajewa haka. Dutse ba ya yi, kuma da wannan kaɗai mai kallo ke gane nauyin abu ba tare da an gaya masa ba.

Akwai maɓalli a manhajar da ke nuna zanen baya a dusashe ƙarƙashin wanda kike yi. Ki kunna shi kullum, da shi ake auna tazara.

Tambaya: Me ya sa tayar mota a bidiyo wani lokaci take juyawa baya? (Direba, Farin Gada)

Amsa: Ƙwaƙwalwa tana haɗa kowane abu da wanda ya fi kusa da shi a hoto na gaba. A ce ƙarfen tayar yana da hannu huɗu, tsakanin kowanne digiri 90. In tayar ta juya digiri 80 kafin kyamara ta ɗauki hoto na gaba, hannun da ke biye zai tsaya digiri 10 kafin gurbin na farko. Sai ido ya zaɓi gajeriyar hanya, ya ga ta koma baya da digiri 10. In ta juya 90 cif, za ka ga kamar tana tsaye alhali mota na gudu. Masu katun suna kauce wa wannan ta hanyar rage juyin ya gaza rabin tazarar hannayen, ko su shafe su su bar dishi-dishi.

Tambaya: Ina yin mutum-mutumi da laka ina ɗaukar su hoto ɗaya-ɗaya da waya. In na haɗa, haske yana ta walƙiya, ɗakin yana rawa, lakar kuma tana tsattsagewa. Ina mafita? (Wani matashi, Dilimi)

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa, ka ɗauko aiki mai cin haƙuri. Walƙiyar nan tushenta uku. Na farko rana: sakan biyar na fim hoto 60 ne, zai iya cin awa biyu, rana kuwa ba ta jiranka, gajimaren Jos ma bai da alƙawari. Ka rufe taga da bargo mai kauri. Na biyu wutar NEPA, wadda ƙarfinta ke hawa da sauka, balle in an koma janareta a tsakiyar aiki. Fitila biyu masu caji, cike taf, sun fi, ɗaya ta gefe, ɗaya daga sama, ka sa farar takarda ta ɗaya ɓangaren ta maido da haske. In dole sai da wutar gida, ka sa saurin ɗaukar kyamara a 1/50, tunda wutarmu zagaye 50 take yi a sakan. Na uku wayar kanta, da ke sake auna haske duk lokacin da hannunka ya gifta. Ka danna fuskar wayar ka riƙe har awon haske da saitin gani su kulle. Ka kuma sa baƙar riga, farar jallabiya tana jefa haske kan teburin ba ka sani ba.

Rawar ɗaki daga yatsanka take. Duk taɓawa tana gusar da waya, ko da milimita ɗaya ce, a allo sai ta zama girgizar ƙasa. Ka ɗaure wayar a kan ƙafa uku, ka liƙe ƙafafun da ƙasa da salatif, ka riƙa ɗauka da maɓallin ƙara sauti na iyafis, ko ka sa jinkirin sakan biyu. Teburin ma a danne shi da bulo.

Lakar tukwane ba ta dace da wannan aiki ba, domin bushewa take yi, a lokacin hunturu ma kafin ka kai hoto na 20 gwiwa ta tsage. Ka nemi lakar roba mai maiƙo da ake sayar wa yara a shagunan littattafai. Da sanyin safiyar Jos takan yi tauri, sai ka murza ta a tafin hannu ta yi laushi. A ciki ka yi ƙashi da wayar alminiyom biyu da aka murɗe tare, ita ce ke lanƙwasuwa ta tsaya inda ka bar ta. Ka yi tafin ƙafa da faɗi, ka soke shi da allura a kan kwali mai kauri.

Wajen tafiya, taku ɗaya rabin sakan ne, hoto shida. Diddige ya taɓa ƙasa, jiki ya ɗan nutse, ƙafar baya ta wuce ta gaba, jiki ya ɗago, sannan ɗaya diddigen ya sauka. In kansa bai hau bai sauka ba, mutumin zai zama kamar ana jan sa a kan taya. Hannun dama yana tafiya tare da ƙafar hagu. Ƙafar da ke ƙasa kuwa kada ta gusa ko kaɗan har sai lokacin ɗagata ya yi. Ka yi mata alama da fensir a kan kwalin. In za ka sa shi magana, ka fara naɗar muryar, sannan ka bi ta: duk inda aka ce b, ɓ ko m, leɓe ya rufe ruf na aƙalla firam biyu, kuma bakin ya riga sautin da firam ɗaya.