Awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda a jirgin sama?

Tambaya: Mahaifiyata za ta tafi Umra daga Kano. A tikitinta, tsakanin lokacin tashi da na sauka a Jidda kusan awa bakwai ne, alhali na ji ana cewa tafiyar ba ta kai awa biyar ba. Wane ne gaskiya, kuma kilomita nawa ne tsakanin biranen?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kai Hajiya lafiya ya dawo da ita lafiya. Maganganun biyu duk gaskiya ne.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda, idan aka bi miƙaƙƙiyar hanya, kilomita 3,400 ne da 'yan kai. Jirgin fasinja yakan yi gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa idan ya daidaita a sama, sai ka ƙara lokacin hawa da na saukowa, inda gudun ke raguwa. Abin zai ba ka awa huɗu da rabi, ko ƙasa da biyar kaɗan.

Awa biyun da suka ɗaure maka kai na agogo ne. Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu, kuma kamfanonin jirage suna rubuta lokacin kowane gari da agogonsa. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar a sama, agogon Kano zai nuna 3 na dare, na Jidda kuwa 5 na asuba. A dawowa sai abin ya juye, ka ga tikiti kamar awa uku kacal.

Sai dai nisan taswira ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, kuma nan ne na fi so ka lura. Miƙaƙƙiyar hanyar tana ratsa Chadi da Sudan ne kafin ta tsallaka Bahar Maliya, kusan dai sawun da mahajjatan dā suka riƙa bi a ƙasa har gaɓar teku. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Najeriya na shekarar sai da suka yi zagaye, tafiyar ta ƙaru da kusan awa biyu, kuɗin mai ma ya hau. Don haka a tambayi kamfanin ko wace hanya jirgin zai bi.

A kuma duba ko kai tsaye ne. Idan ta Alƙahira ko Adis Ababa za a bi, da jiran jirgi na biyu, awa goma ma ba abin mamaki ba ce. A ganina, ga dattijuwa gara a ƙara kuɗi a sayi na kai tsaye, tun da da saukarta ɗawafi da sa'ayi na jiran ta.