Ku Tambaya Mu Amsa: Farautar Manyan Namun Daji A Kan Tsaunuka

Wannan makon wasiƙu huɗu muka ɗauko, duk akan farautar tsauni suke. Bismillah.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan kallon bidiyon mutanen da suke shiga cikin duwatsu farauta, suyi kwana goma babu gari babu hanya, ƙarshenta dabba ɗaya tal zasu harbo, wani lokacin ma su dawo hannu rabbana. Ni na ɗan iya saiti daidai gwargwado, to in mutum ya iya harbi ba shikenan ba? Me yake cinye kwana goman?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai masu bidiyon ne suka yanke maka wahalar suka bar maka daɗin. Harbin kansa bai kai minti ɗaya ba, sauran kwana tara da 'yan kai ɗin ƙafa ce da huhu da ido suke yin aikin.

Fara da numfashi. Daga wajen mita 2500 zuwa sama jikin mutum yake fara ƙorafi, ciwon kai, jiri, tashin zuciya, barci ya ƙi zuwa, abinci ya fita a rai. Ragon dawan da ake kira Marco Polo, mai murɗaɗɗen ƙahon nan, a tsaunukan Pamir na Tajikistan da Kirgistan yake zaune wajen mita 4000 zuwa sama, kuma a wannan tsayin iskar da kake shaƙa a numfashi ɗaya bata wuce kashi 60 cikin 100 na wadda zaka samu a bakin teku ba. Kaga kenan taku ashirin zakayi ka tsaya kana haki kamar wanda kare ya biyo, zuciya tana dukan uku-uku, a haka kuma ake so ka riƙe bindiga hannunka bai yi rawa ba. Shiyasa likitocin hawan dutse suke cewa in ka wuce mita 3000 kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma wannan abin bai san ƙato ba, majiyi ƙarfi ma yana kayar dashi. In ciwon kai ya ƙi sauka, ko tari ya fara da kumfa, ko mutum ya fara tangaɗi yana sambatu, maganin shine a sauko dashi ƙasa a lokacin, ba sai gari ya waye ba.

Sai zaman dako. Maharbin tsauni yafi yin farauta a zaune akan a tafe, ya samu wani tudu tun duku-duku ya kafa madubin hangen nesa yana bin fuskar dutsen da ke tsallaken kwari taƙi-taƙi, awa uku awa huɗu, yana neman wani ɗigo da bai yi kama da dutse ba. In ya hango, to tsakaninsu zai iya zama kilomita biyu a ido amma tafiyar yini guda a ƙafa, don sai ka gangara kwazazzabo ka sake hawa, kafin ka isa ma mai yiwuwa dabbar ta ƙara gaba.

Abinda yafi ɓata wa sabon shiga aiki kuwa iska ce. Dabba zata iya ganinka tayi shakka, zata iya jin motsinka ta tsaya tana saurare, amma in ta shaƙi warinka magana ta ƙare. Kuma iskar tsauni tana da ɗabi'arta: da asuba sanyi yana sa ta kwararo ƙasa kamar ruwa, rana na dukan dutse ya ɗumama sai ta juya tana hawa sama, da yamma ta sake gangarowa. Saboda haka da hantsi ta sama ake ɓullo wa dabba, wanda ma yafi don su ragunan dawa da awakin dutse ƙasa suka fi sa wa ido.

Shi kansa saitin da kake taƙama dashi sai an sake masa lissafi. In kana harbi sama sosai ko ƙasa sosai harsashi yana sauka sama da inda ka saba, duka biyun, domin abinda ke janyo shi ƙasa tazarar kwance yake lissafawa, ba tsawon layin da idonka ya bi ba. Mutane da yawa a nan suke tsallake bayan dabba su kama zargin bindiga.

Tambaya: Malam barka da aiki. In mutum ya kayar da ƙatuwar dabba a inda ko babur baya zuwa, ya ake da naman? Ko dai ƙahon kawai ake cirewa a bar wa ungulu sauran?

Amsa: Barka kadai. Wallahi a nan ake gane maharbi. Ɗauki dabbar nan ta jihar Alaska a Amurka da suke kira mus, wadda tafi kowace a dangin barewa girma, namijin yana kaiwa kilo 600 har 700. Ba mai jan wannan. A inda ya faɗi ake feɗe shi a sassare shi, cinyoyi daban, karfata daban, naman gadon baya, wuya, haƙarƙari, a zuba a buhunan yadi masu shan iska a rataye a inuwa. Gaggawar duk ta zafi ce, don gawar babbar dabba tana riƙe ɗumi musamman kusa da ƙashin cinya, in aka barta da fatarta ta kwana to ko da sanyi ake naman zai iya yin tsami daga ciki. Leda kuwa kada ma a fara, gumi take sa shi.

Daga nan sai goyo. Kilo 30 ko 40 a baya, ka kai sansani ka dawo, ka kai ka dawo, mus guda yana iya cin sawu takwas ko fiye, in tazarar kilomita uku ce lissafa da kanka. Shiyasa tsofaffin hannu kafin su ja kunama suke fara duba hanyar komawa, wata dabbar tana tsaye a gabanka amma ka barta don ka san bazaka iya fitar da ita ba.

Batun barin nama kuwa, a Alaska laifi ne mai tara da ɗauri. Doka ta lissafa sassan da dole ka kwashe, kuma ba'a yarda ka ɗauke ƙaho daga wurin ba sai ka gama fitar da nama, iyaka ya biyo kayan ƙarshe. Ni wannan dokar tana burge ni. Abu ɗaya da zan ƙara, ƙamshin jini yana kiran beyar, wani ƙaton naman daji mai haɗari, don haka ana janye naman nesa da kayan ciki, wajen mita 100, a ajiye a fili inda zaka hango daga nesa, kuma duk dawowar da zakayi ka dawo da surutu, kada ka faɗo masa yana kan cin abinci.

Tambaya: Malam ni mace ce kuma gaskiya abin baya min daɗi. Anya wannan ba ƙarar da bayin Allah bane kawai don wani mai kuɗi ya rataye ƙaho a falo?

Amsa: 'Yar'uwa tambayarki tana kan hanya, kuma tarihi yana bayanki. Akuyar dutsen tsaunukan Alps na Turai saura ƙiris farauta ta shafe ta, a ƙarni na 19 bata fi ɗari ba ta rage a yankin Gran Paradiso na Italiya. Abin dariyar shine wanda ya cece ta maharbi ne, Sarki Victor Emmanuel na biyu, a 1856 ya killace wurin don shi kaɗai ya riƙa harbi ya zuba masu gadi, a 1922 wurin ya zama gandun daji na ƙasa, yau kuma sun haura 40,000 a faɗin Alps duk daga wannan ɗan garken.

Na kusa-kusa kuma markhor ce, akuyar dawa mai dogon ƙaho a murɗe wadda Pakistan ta ɗauka dabbar ƙasa. A 1997 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta yarda a riƙa fitar da ƙahon guda 6 a shekara, daga baya aka maida 12, kuma kashi 80 cikin 100 na kuɗin lasisin ƙauyukan wurin ake bai wa. Mutumin da a da yake harbinta a ɓoye sai ya koma shi ke gadinta. A 2015 hukumar IUCN, mai sa ido kan halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa a duniya, ta sauke ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa zuwa matakin da bai kai wannan tsanani ba.

Amma fa kada in zuga miki abin. Wannan tsarin yana aiki ne kawai in ƙidayar dabbobin ta gaskiya ce, kuɗin ya isa hannun mutanen ƙauye bai maƙale a ofis ba, kuma tsofaffin maza kawai ake ɗauka. A yawancin yankunan Alaska misali ragon dawan da ake kira Dall sai ƙahonsa ya zagaye cif ko an ƙirga zoben shekara 8 a jikin ƙahon kafin harbinsa ya halatta. Inda babu waɗannan, to maganarki ce gaskiya. Hoton da wasu suke ɗauka suna washe baki akan gawa kuma ni ma baya min.

Tambaya: Malam me zai hana a shiga da jirgi a hango dabbar daga sama a sauka a harbe, a huta da wahala?

Amsa: Doka ce zata hana, ɗan'uwa. A Alaska ƙananan jirage ne suke kai mafarauta daji, amma ranar da ka hau jirgi bazaka harbi yawancin manyan dabbobi ba sai bayan ƙarfe 3 na daren da ya biyo, don dabbar ta samu damar canja wuri. Kuma jirgin da ya sauke ka ba lallai ya dawo ranar alkawari ba, hazo na rufe kwari sai ka ƙara kwana biyu ko uku a tanti. Don haka ka tafi da guzurin da ya wuce lissafi, da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam tunda babu sabis, da kayan ulu maimakon na auduga, don auduga in ta jiƙe da gumi a jikinka zata zauna tana zuƙe ɗumi, ga shi duk mita 1000 da ka hau sanyi yana ƙaruwa da kamar digiri 6.