Jirgi Mara Matuƙi a Gonar Masara: Wa Zai Biya Kuɗin Hoton?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da iri da taki da maganin feshi, kuma yawancin abokan cinikina manoman masara ne. Na tara ɗan jari, ina so in sayi ƙaramin jirgi mara matuƙi mai kyamara, in riƙa ɗaukar hoton gonaki daga sama ina nuna wa manomi inda masararsa ke jin ƙishirwa, shi kuma ya biya ni. Wannan sana'a za ta riƙe mutum, ko in bar kuɗina a shago?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Na'urar tana aiki, wannan babu ja a ciki. Amma shawarata ita ce kada ka saya bana. Ka ɗauki hayar jirgi da mai sarrafa shi na noma ɗaya tukuna, domin abin da ya kamata ka gwada ba jirgin ba ne, aljihun manomi ne.

Bari mu fara da abin da kyamarar ke gani, don nan ne ake yi wa masu saye wayo. A ƙiyasin hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, masara tana buƙatar ruwa milimita 500 zuwa 800 daga shuka zuwa girbi, gwargwadon yanayin wuri. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ke nan. Kusan duk wannan ruwa ba ya zama a jikin shukar. Saiwa ta zuƙo shi, ya fice ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin ganye, yana sanyaya ganyen kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. Idan ƙasa ta fara bushewa, sai masara ta tsuke waɗannan ƙofofi don ta yi tattalin ruwa, ganyen kuma ya ɗau zafi. Wannan zafi yana riga naɗewar ganye da yaushin da ido ke gani. A 1981 ne wasu masu bincike a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka suka fitar da ma'aunin da ake kira CWSI bisa wannan dalili: ana gwada zafin ganye da zafin iska, sakamakon ya fito tsakanin 0, wato shuka ta ƙoshi, da 1, wato ta daina fitar da ruwa gaba ɗaya.

Ke nan kyamarar da ke gane ƙishirwa da wuri ita ce mai auna zafi. Kyamarar da aka saba da ita tana ganin abin da ido zai gani ne daga sama: inda shuka ba ta fito ba, inda ruwa ya kwanta, inda bututu ya fashe. Akwai kuma mai ɗaukar haske kala-kala, har da wanda ido ba ya gani, wadda ke fitar da taswirar nan mai ja da kore da ake kira NDVI. Ita ce dillalai suka fi son nunawa, don tana da ban sha'awa a waya. Sai dai koren ganye da yawansa take aunawa. Kafin ƙishirwa ta bayyana a cikinta an riga an yi asara, kuma ba ta bambance ƙarancin ruwa da ƙarancin taki ko ɓarnar tsutsa. Idan masara ta rufe ƙasa ma, sai ma'aunin ya cika ya tsaya, gona mai kyau da mai dama-dama su fito kusan iri ɗaya. Ka lura da sunayen kaya: Mavic 3 Multispectral na kamfanin DJI ba shi da kyamarar zafi, Mavic 3 Thermal ne ke da ita, shi kuma ba ya fitar da NDVI na gaske. Kyamarar MicaSense Altum ta haɗa biyun, amma jirgin da zai ɗauke ta daban ake saya. Mutum na iya biyan kuɗi mai yawa ya dawo da abin da ba zai yi aikin da ya yi wa manoma alkawari ba.

Ita ma kyamarar zafin ba a sake mata. Dole ta zama irin wadda ke ajiye adadin zafi a kowane ɗigo na hoton, ba launi kawai ba. Yawancinsu ɗigo 640 a 512 suke ɗauka, hoto ƙarami ƙwarai idan aka gwada da na waya, don haka ko dai ka sauko ƙasa-ƙasa ka ɗauki fili kaɗan, ko ka hau sama hoton ya rasa tsafta. Kuskurenta yakan kai digiri 2 sama ko ƙasa, alhali bambancin da kake nema tsakanin ganye mai ƙoshi da mai ƙishirwa 'yan digirori ne. Shi ya sa masu aikin kirki suke auna zafin iska da laimarta a gonar lokacin tashi, su kuma ajiye abin gwaji, jiƙaƙƙe da busasshe, a inda kyamara za ta gan su.

Yanzu ga inda kimiyya ta shiga lissafin kasuwa. Hoton zafi ba ya ɗaukuwa a kowane lokaci. Sai rana ta take, sama ta washe, iska ta lafa. Da sassafe duk ganye a sanyaye yake, mai ƙishirwa da mara ita. Idan gajimare ya gifta kana tsakiyar aiki, rabin taswirar ya lalace. Idan masara ƙarama ce ba ta rufe kunya ba, zafin ƙasa zai cakuɗe da na ganye ya nuna maka ƙishirwar da babu ita. Kana da awa biyu ko uku a yini, batir ɗaya kuma da ƙyar yake wuce minti 30 a aiki na zahiri. Gona biyu masu nisa da juna ba za su samu a rana ɗaya ba.

Sannan buƙatar ba ta bazu cikin shekara ba. Masara ta fi jin ciwon ƙishirwa daga kamar mako biyu kafin ta fitar da fure a kanta zuwa mako biyu bayan gemu ya fito. Kowane silin gemu ƙwaya ɗaya yake wakilta a jikin goyo. Idan ruwa ya yi ƙaranci, gemun ya yi jinkirin fitowa, garin fure ya gama zuba kafin ya iso, sai a samu goyo mai giɓi, kuma ruwan da aka zuba daga baya ba ya mayar da ƙwayar da ba ta ɗauku ba. Alƙaluman FAO sun nuna haka ƙarara: kowane kashi 10 cikin 100 na ruwan da masara ta rasa lokacin fure yana jawo asarar kusan kashi 15 na amfani, amma lokacin girman ganye kashi 4 ne, lokacin nuna kuwa kashi 2. Ma'anar wannan a wurinka ita ce, manoman da suka yi shuka lokaci ɗaya duk za su neme ka cikin wata guda, sauran watanni kuma jirgi yana cikin akwati, batir yana tsufa, bashi yana tafiya.

To wa zai biya? Wanda ya dogara da ruwan sama ba zai biya ba, kuma yana da gaskiya. Ka nuna masa cewa kusurwar gabas tana jin ƙishirwa, me zai yi? Mai hekta ɗaya ko biyu ma ba ya buƙatarka, ƙafarsa ta ishe shi zagaye gonar kafin hantsi. Mutuminka shi ne mai ban ruwa a fili mai faɗi, wanda ba zai iya ganin tsakiyar gona ba da zarar masara ta fi tsayin mutum, wanda kuma yake da ikon karkata ruwa zuwa wani yanki ya hana wani. A irin wannan gona hoton yakan tona abubuwan da ke cin kuɗi a ɓoye: bakin yayyafin da ya toshe, layin ɗigon da matsin ruwa bai kai ƙarshensa ba, ƙarshen kunyar da ruwa ba ya isa, tudun yashin da ke bushewa kafin sauran wuri, ko kuma kwarin da ake shayarwa fiye da kima ana ƙona mai a banza. Bayan manyan manoma, akwai kamfanonin samar da iri, da masu ba manoma kaya bashi su karɓi amfani a kaka, da masu inshorar noma, da ƙungiyoyin manoma da gonakinsu ke haɗe a ƙarƙashin ruwa ɗaya. Waɗannan sun fi manomi ɗaya-ɗaya sauƙin sha'ani, don yarjejeniya ɗaya tana ba ka fili mai yawa a wuri guda.

Ga misali na lissafi, ka sauya lambobin da na wurinku. A ce gona hekta 50 ce, tana ba da tan 6 a kowace hekta. A ce hekta 10 daga ciki ba sa samun isasshen ruwa lokacin fure, suna rasa kashi 15. Tan 9 ke nan. Idan taswirarka ta sa aka ceto rabin wannan, kana da bakin neman lada mai kauri. Ka mayar da lissafin kan hekta 2, sai ka ga abin da za a ceto bai kai kuɗin motarka ba.

Kada ka manta kana da abokin hamayya da ba ya karɓar ko sisi. Taurarin ɗan Adam na Sentinel-2 na Tarayyar Turai suna ɗaukar hoton wuri duk bayan kamar kwana 5, kowane ɗigo mita 10, kuma kyauta ake saukewa. Ba su da ma'aunin zafi, amma NDVI suna ba da shi. Landsat 8 da 9 na Amurka suna auna zafi, sai dai a faɗin mita 100, kuma su biyun a haɗe duk kwana 8 suke dawowa. Gajimare yana rufe musu ido. Saboda haka idan NDVI kaɗai za ka sayar, manomi mai wayo zai same shi a wayarsa. Fifikonka yana cikin zafi, da tsaftar hoto, da zuwa ranar da ake buƙata.

Kuɗin jirgi kuwa somin-taɓi ne. Akwai ƙarin batura, da kwamfuta mai ƙarfi, da manhajar da ke ɗinke ɗaruruwan hotuna su zama taswira ɗaya (Pix4Dfields biya ake yi, OpenDroneMap kyauta ne amma yana son mai haƙurin koyo), da albashin mai sarrafawa, da sufuri, da inshora, da gyara idan ya faɗo, kuma wata rana zai faɗo. Ni nakan ce a raba kuɗin kayan gida uku, a ɗauka shekara uku za su yi. Haɗa kashi ɗaya da duk abin da za ka kashe a shekara ko an yi aiki ko ba a yi ba. Raba jimillar da abin da ke saura maka a kowace hekta bayan ka cire kuɗin tafiya da na aiki. Abin da ya fito shi ne yawan hektar da sai ka ɗauka kafin ka ga riba. Sai ka dubi kwanakin da za ka iya tashi, ka zubar da rabinsu saboda gajimare da iska da hanya, ka ga ko ragowar za su ɗauki wannan fili. Kafin ka biya ko da kuɗin kafin alƙalami, je hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasarka. Ƙasashe da yawa suna neman rajista da lasisi ga mai aikin kuɗi da irin wannan jirgi, da yawa sun taƙaita tashi a mita 120, wasu kuma sai da izinin jami'an tsaro ake shigo da shi.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe da kyau: wuri mai zafi a taswira ba hukunci ba ne, nuni ne kawai cewa a je a duba. Ganye yakan yi zafi idan tsutsa ta huda kara, ko saiwa ta ruɓe, ko ƙasa ta taurare, ko gishiri ya taru. Har masarar da ruwa ya kwanta mata takan tsuke ƙofofinta, don saiwar ta rasa iska. Ka ce wa wannan manomi ya ƙara ruwa, ka kashe masa shuka da bakinka. Dole wani ya shiga gonar da shebur ya tona, ya damƙi ƙasa a hannu, kuma bayanin ya isa ga manomi cikin awa 24, in ba haka ba ya zama labari. Kai da kake sayar da taki da magani kana da wata jarabawa ta daban: idan kowace taswira ta ƙare da "zo shago ka saya", ba za a daɗe ba za a daina yarda da taswirar, a daina yarda da shagon.

Ga yadda zan so ka tafiyar da gwajin. Zaɓi manyan masu ban ruwa uku zuwa biyar cikin abokan cinikinka. Ku yi yarjejeniya a rubuce ta noma guda: tashi uku, ɗaya bayan masara ta rufe ƙasa, ɗaya gab da fure, ɗaya lokacin da ƙwaya ke cika. Su biya rabi tun farko, domin wanda aka yi wa kyauta zai yaba ko da bai amfana ba. A rubuta cewa ba ka ɗauki alkawarin yawan amfani ba, kuma hoton gonar mutum ba za ka nuna wa wani ba sai da yardarsa. A bar wani yanki ana shayar da shi yadda aka saba, a riƙa rubuta awannin da injin ban ruwa ya yi da man da ya sha, a auna amfanin kowane yanki daban ranar girbi. Tun da jirgin yana hannu, gwada sayar da awon faɗin gona da ƙidayar shukar da ta fito, waɗanda kyamara ta yau da kullum ma tana yi, ka ga ko za su cike watannin da babu aiki.

Idan aka yi girbi, mafi yawansu suka dawo da kansu suna neman a sake, kuma filin da suka sa hannu a kai ya kai adadin da lissafinka ya nuna, sai ka saya, daga ribar shago, ba daga uwar kuɗin da za ka sari iri da taki da ita ba. Idan ba su dawo ba, kuɗin haya kaɗai ka rasa.