Hukuncin Riƙon Kula da Dabbobi a Matsayin Sana'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu aiki a wata cibiyar kula da dabbobi. Ina ba su abinci da ruwa, ina share musu makwanci, ina yi musu wanka, ina kuma riƙe su idan likita zai yi musu allura. Akwai tumaki da dawakai da maguna, amma karnuka sun fi yawa. Abokaina sun ce albashin ba halal ba ne, wai ma sallata ba ta karɓuwa saboda najasa. Ni kuwa ina son aikin. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka kwantar da hankalinka, aikinka halal ne, albashinka ma halal ne. Wannan ƙwadago ne a kan aiki sananne da lada sananne, kuma sana'ar Annabawa ce. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai aiko wani Annabi ba face ya yi kiwon tumaki, kuma shi kansa ya yi wa mutanen Makka kiwo ana biyansa da ƙiraɗai, wato ƙananan kuɗi na wancan zamani. Annabi Musa (AS) ya yi ƙwadagon shekara 8, ko 10 in ya so ya cika, a Madyana, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas aya ta 27. Wanda ya raina wannan sana'a, to ya san abin da yake rainawa.

Na san batun kare ne ya fi damunka. Hadisin da ake kafa maka hujja da shi ingantacce ne: wanda ya ajiye kare, in ba na farauta ko kiwo ko gona ba, za a riƙa rage masa ƙiraɗi guda, wato wani kaso, na lada kullum, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu. Amma hadisin yana magana ne a kan mai ajiye kare ba da buƙata ba, kai kuwa ba naka ba ne. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan ukun. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, malamin Malikiyya mai littafin Risala, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Ko da ma mai karen don ado ya ajiye shi, laifin na kansa ne. Ciyar da kare mai yunwa da jinyar mai ciwo ibada ce, domin an gafarta wa wani mutum saboda ya cika huffinsa da ruwa daga rijiya ya shayar da kare, Annabi (SAW) kuma ya ce akwai lada a cikin kyautata wa duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai.

Game da tsarki, akwai saɓani, kuma akwai yalwa a cikinsa. A wurin Malikiyya duk mai rai mai tsarki ne, har da yawunsa da guminsa, wanke ƙwarya sau 7 idan kare ya yi lallage a ciki kuwa bauta ce kawai, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin yawun kare najasa ne, a wanke sau 7, ɗaya da ƙasa. Fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta, kamar tumaki, masu tsarki ne a wurin Malikiyya da Hambaliyya, domin an yi izinin salla a garken tumaki. Na kare da mage kuwa najasa ne. Taɓa najasa don aiki ba zunubi ba ne, kuma ba ya warware alwala. Abin da ake so ka ware kayan aiki daban da kayan salla, ka sa safar hannu da takalmin roba, ka wanke inda abu ya taɓa. Kada ka bari waswasi ya sa ka riƙa wanka kafin kowace salla. Ka kuma yi allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin kiyaye rai wajibi ne.

Abin da nake ji maka tsoro ba najasa ba ce, amana ce. Dabba ba ta da bakin kai ƙara. Idan ka fara ganin kwanon ruwa ya yi gansakuka ka ce bari sai gobe, ko ka ga tunkiya ta ware gefe ta sunkuyar da kai ta ƙi cin abinci amma ka ƙi sanar da likita don lokacin tashi ya yi, babu wanda zai sani sai Allah. Mace ta shiga wuta saboda mage da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa wani raƙumi ya zubar da hawaye da ya ga Annabi (SAW), sai ya shafa bayan kunnuwansa ya nemi mai shi, ya ce masa ya ji tsoron Allah a kan wannan dabba, don ta kai ƙarar cewa yana barinta da yunwa yana wahalar da ita. Dukan fuska da yi mata lalas a fuska haramun ne, haka haɗa dabbobi faɗa. A fiƙihu kai amintacce ne: in dabba ta mutu a hannunka ba da sakacinka ba, babu ramuwa a kanka, in kuwa da sakaci ne, za ka biya. Rage abincin dabba ko maganinta a sayar kuwa ha'inci ne biyu, na mai ita da na ita kanta.

Abu biyu za su iya taso maka nan gaba. Idan likita ya tabbatar dabba ba za ta tashi ba, tana ta shan azaba, Malikiyya sun halatta a yanka ta don a hutar da ita, ko da ba a cin namanta. Wannan shawarar likita ce da mai dabbar, kada ka yanke ta kai kaɗai. Na biyu, idan aka nemi ka koma gonar aladu da ake kiwo don nama, kada ka karɓa. An haramta cinikin alade a hadisin Jabir da ke Bukhari da Muslim, kiwonsa don a ci kuma taimako ne a kan saɓo, wanda aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana.

Tun yanzu ka daidaita da shugabanninka a kan lokutan salla da Juma'a, domin dabbobi ba su san ranar hutu ba, a samu mai karɓarka kafin ka fita. Allah ya sa wa sana'arka albarka. Wallahu a'alamu.